Mu buɗe tagogin aji ko mu rufe? Muhawarar iyaye da malamai a zangunan Accra

Malamar Aji Uku, Nima

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Akwai wata damuwa da na daɗe ina juyawa a raina, kuma tun da aka koma makaranta a watan Janairu cikin wannan hazo ta hana ni sakat. Ina koyar da aji uku a wata firamare a nan Nima, yara 62 ne a ɗaki guda. Tagogi uku ne da ɗakin, dukansu a ɓangaren da ke kallon titi, bangon baya kuwa ba shi da komai sai 'yan ramukan bulo can sama kusa da kwano, su ma an toshe rabinsu da siminti tun kafin in zo. Idan na buɗe tagogin, hayaƙin trotro, wato ƙananan motocin haya, da ƙurar titi ne ke shigo mana, har farar takarda ta koma ruwan ƙasa kafin a fita cin abinci. Idan na rufe, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ɗakin ya ɗauki zafi da warin gumi, yara sun fara hamma suna kifa kai a kan tebur, ni kaina sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ka. A makon jiya yara takwas ba su zo ba saboda tari da mura, ɗaya daga cikinsu ma mahaifiyarta ta ce a asibiti suka kwana domin numfashin yarinyar ya sarƙe. Gaba kura, baya siyaki. Masu sani a cikinku su taimake ni, buɗewa ce ta fi sauƙin cuta ko rufewa?

Dattijon Sabon Zongo

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka miki bisa kula da 'ya'yan mutane, amma ina ganin kin ɗora wa kanki nauyin da bai kai haka ba. Hunturu ba bana ya fara zuwa Ankara, wato Accra, ba, a nan muka same shi, a nan za mu bar shi. Mu da muka yi karatun dare a gaban wutar itace, hayaƙi na shiga mana ido muna ta biya allo, ga mu nan mun haura saba'in muna tafiya da ƙafarmu. Abin da iyayenmu suka yi mana shi ne man kaɗanya a hanci da leɓe, rigar sanyi da safe, da ruwan ɗumi wajen wanka. Ki gaya wa iyayen su yi haka, ki buɗe tagarki ki yi aikinki. Idan Allah ya kai mu ruwan farko za ki manta da wannan magana.

Ma'aikaciyar Jinya, Mamobi

Baba, a gafarce ni, ba musu nake yi da ku ba, amma abin da nake gani a wurin aiki ba zai bar ni in yi shiru ba. Waɗanda suka sha hayaƙin nan suka rayu su ne ke ba mu labari yau, waɗanda tari ya tafi da su suna 'yan shekara uku ko huɗu kuwa ba su nan balle su faɗi nasu. Ban da haka, hayaƙin da kuka shaƙa na itace ne a fili, iska na kwashe shi. Ba ku san na leda da taya da tsohon injin dizal ba, ba ku san irin wanda ake turnuƙewa da shi a Agbogbloshie, bolar tsofaffin kayan lantarki ta nan Accra, wajen ƙona wayar lantarki kafin a tashi wurin a 2021 ba.

Ƙurar da ido ke gani da sauƙinta, domin gashin hanci da majina suna tare mafi yawanta, shi ya sa yaro ke fyace baƙar majina. Wadda ke ba mu tsoro ita ce mai laushin nan da masana ke kira PM2.5, wadda ƙwayarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin talatin na kaurin gashin kai ba. Ita ce ke wucewa har ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini, kuma galibinta a gari daga ƙonewa take fitowa, salansar mota ce, gawayi ne, itace ne, bola ce. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninta, ta ce matsakaicin shekara kada ya wuce mikrogiram 5 a kowace mita kubik ta iska, na yini guda kuma kada ya wuce 15. A da 10 da 25 ne, aka rage saboda an tabbatar cewa ko kaɗan ɗin ma yana illa.

Yaro kuma ya fi babba shan wahalar abin. Numfashinsa ya fi sauri, iskar da yake ja ta fi ta babba yawa idan aka duba nauyin jikinsa, hanyoyin iskarsa ƙanana ne har kumburi kaɗan ya isa ya matse su, huhunsa kuma bai gama girma ba. Ga shi gajere, hancinsa daidai bakin salansa idan yana tafiya a gefen titi. Man kaɗanya yana hana hanci tsagewa, ni ma ina shafa wa nawa, amma ba ya tace iska.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Malama, ni aikina zanen gini ne da duba shi, bari in fara da rufewa, da lissafin da kowa zai iya bi. Mu ɗauka ɗakinki mita 8 ne a tsawo, 7 a faɗi, 3 a tsayi. Iskar da ke ciki mita kubik 168 ke nan, kowane yaro bai samu uku cikakku ba. Duk numfashin da muka fitar yana ɗauke da iskar kabon dayokzaid, yaro ɗan firamare a zaune yana fitar da kimanin lita 10 a awa guda, yara sittin kuwa lita 600. A waje wannan iska kusan 420 ce cikin miliyan, masu harkar gini kuma sun daɗe suna ɗaukar 1,000 a matsayin alamar cewa ɗaki ya fara rasa sabuwar iska. Da za a toshe ɗakin nan ruf, minti goma ya isa a kai 1,000, awa guda kuma a doshi 4,000. Ɗakunanmu ba sa toshewa haka, akwai kafa a ƙarƙashin ƙofa da bakin kwano, amma dai kin ga inda hammar take fitowa. Hawan wannan lamba shaida ce cewa yara suna maimaita shaƙar abin da 'yan'uwansu suka fitar, tare da duk ƙwayar mura ko ƙyanda ko tarin fuka da ke cikinsa. Don haka a cire rufewa gaba ɗaya daga lissafi.

Ciwon ɗakinki shi ne yana da mashiga ba shi da mafita, iska kuwa ba ta shiga inda ba za ta fita ba, ki gwada hura kwalba ki gani. A Accra yawancin shekara daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma, a hunturu kuma takan juyo daga arewa maso gabas da ƙurar hamada, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake. Ramukan da aka toshe ɗin nan ba ado ba ne. Iska mai zafi sama take tashi, ta nan take fita, fitarta kuma ita ke jawo sabuwa ta ƙasa. A fasa simintin a sa waya, in da hali a huda taga biyu a bangon baya. Sannan a lokacin cunkoson safe ki sassauta tagogin titi, ki bar ƙofa da ramukan baya a buɗe, idan rana ta ɗaga motoci sun ragu ki buɗe duka. Fanka kuwa kada ta ruɗe mu, jiki take sanyayawa, amma a rufaffen ɗaki iskar nan dai take ta jujjuyawa.

Mai Makaranta, Fadama

Injiniya, maganarka daidai ce a takarda. Ni ne irin mutumin da ke toshe ramukan nan, don haka a ji dalilina kafin a yanke mana hukunci. Sau biyu ɓarayi suka shigar mini ta tagar baya suka kwashe fankoki da littattafai. Bayan bangon gidan mutane ne, tazarar ba ta kai taku biyu ba, matan gidan sun kawo ƙara cewa yara na leƙen su, kwatar da ta bi ta wajen kuma idan rana ta take warinta ba ya barin kowa karatu. Zango ba fili gare shi ba, makarantunmu da yawa gidajen haya ne aka mayar azuzuwa. Abin da ba a son faɗa kuma shi ne iyaye ma da hannunsu a ciki. Uba zai zo duba makaranta, idan ya ga tagar gilashi mai zugewa da tayil a ƙasa sai ya ce wannan ce ta kirki, idan ya ga bulo mai ramuka sai ya ce ta talakawa ce ya wuce gaba. Ni da nake karɓar kuɗin makaranta kullum-kullum, sidi kaɗan-kaɗan daga hannun masu talla, a ina zan samo kuɗin fasa bango da sa ƙarafa?

Baban 'Yan Biyu, Madina

Alhaji, ba na ƙaryata ka, amma ina roƙon a ajiye maganar bango tukuna a saurari abin da ya same ni, domin nawa ciwon ba daga titi ya zo ba. Ƙaramin 'yan biyuna yana da asma. Bara mun yi wata uku muna zarya a asibiti, har uwarsa ta fara zargin madara da ruwan sanyi da komai, muka hana shi abubuwa da yawa a banza. Sai wata rana likita ta ce mu riƙa rubuta ranakun da ciwon ke tashi. Da muka duba bayan makonni, sai ga shi kusan duka daren Talata ne da daren Alhamis. Na tambayi ɗan'uwansa me ke faruwa a waɗannan ranaku, ya ce ai ranakun sharar rukuninsu ke nan.

Na je da kaina da sassafe na tsaya na gani. Ƙarfe bakwai saura yara suke shiga da tsintsiyar kwakwa, daɓen ya farfashe ya zama gari, tagogi a kulle saboda mai makullin bai iso ba, suna ta kaɗa ƙura har ba ka ganin allo sosai daga bakin ƙofa. Suna gamawa aka buga ƙararrawa, aka yi taron safe na minti kaɗan, suka dawo suka zauna a cikin abin da suka tayar. Babbar ƙurar ta kwanta a kan tebura, mai laushin kuwa tana nan tana yawo. Wani yaro kuma ya ɗauki abin goge allo yana bugawa a jikin bango daidai kan 'yan layin gaba. Da na nemi a cire ɗana daga shara, malaminsu ya ce ina ɓata yaro, sai da na kawo takardar likita aka mayar da shi ɗebo ruwa. Tun daga nan ba mu sake kwana a asibiti ba, ko da yake har yanzu da inhelarsa a jaka.

Abin da nake so in ce, Alhaji, shi ne yayyafa ruwa kafin shara ba ya cin ko pesewa. Mayar da shara bayan an tashi, domin ƙura ta samu dare guda ta kwanta, shi ma kyauta ne, haka goge allo da tebura da jiƙaƙƙen tsumma. Muna ta zargin hamada da direbobin trotro, alhali wata ƙurar da hannunmu muke ba yaran tsintsiya su tayar wa kansu.

Malamar Aji Uku, Nima

Wallahi, Baban 'Yan Biyu, kamar ajina kake bayyanawa, har na ji kunya. Tunda gaskiya ake faɗa, bari in ƙara wadda na ɓoye. Duk ranar Juma'a da safe ana tara sharar mako a bayan ajin 'yan nazare a cinna mata wuta, ganye ne da takardu da ledar fiya wata da robar abinci, kuma yara manya ake sa wa su tsaya su kula da wutar. Akwai kuma murhun mai sayar da abinci a ƙarƙashin tagar aji ɗaya, tun asuba yake ci. Na saba da su har na daina ganin su, sai titi kawai nake kallo.

Hajiya Mai Wake da Shinkafa, Nima

Na san za a zo kaina, don haka na sa 'yata ta rubuta mini. Ba a makarantar Malama nake ba, amma sana'ar ɗaya ce. Shekara goma sha biyar ina dafa wa yara wake da shinkafa a harabar makaranta, kuma ba wanda ya kai ni shan hayaƙin nan, idona ne shaida. Kuna tsammani ba na son tukunyar gas? Babbar tukunyar wake awanni take yi a kan wuta, idan na dafa da gas dole in ƙara kuɗin kwano, yaron da aka ba shi sidi biyar ya ci da rana kuma ba shi da ƙari. Wurin da nake zaune ma ba ni na zaɓa ba, nan aka nuna mini saboda nan ne inuwa. Idan za a gyara a gyara da mu, kada a wayi gari a ce an kori masu abinci, yara su koma sayen abin da ba a san inda aka dafa shi ba a bakin kwata.

Ɗan Zango a Landan

Ina bin maganar nan daga nesa, kuma ina so ku san ba ƙaramar magana ba ce ko a nan. Wata yarinya 'yar shekara 9, Ella Kissi-Debrah, da ke zaune kusa da wani babban titi a kudancin Landan, ta rasu a 2013 bayan fama da asma. Mahaifiyarta ta yi ta bin shari'a har Disambar 2020, lokacin da mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe ta, karo na farko da aka rubuta haka a Birtaniya. A 2021 kuma gwamnati ta raba wa makarantun Ingila na'urorin auna kabon dayokzaid kimanin 300,000 domin malami ya san lokacin buɗe taga. Shawarata ita ce mu da ke waje mu haɗa kuɗi mu aiko da na'urorin tace iska, ko aji goma ne a fara da su.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Ɗan'uwa, Allah ya saka da niyya, amma kada kuɗinku ya tafi inda zai zama kayan ado. Na'urar tace iska tana aiki ne a ɗakin da aka rufe, tana son wuta ba yankewa, matatarta kuma canzawa ake yi, a hunturu ma da wuri za ta toshe. A ajin yara sittin da dole tagoginsa su zauna a buɗe, kamar mai tace ruwan kogi da rariya ne. Idan za ku aiko da wani abu, ku aiko da na'urar awo guda biyu ko uku a riƙa zagayawa da su makaranta zuwa makaranta, domin shugaban da ya ga lamba da idonsa ya fi saurin yarda. Sauran kuɗin a sayi siminti a gyara daɓe, a sa ƙarafa da waya a ramukan baya, wanda shi ne amsar ɓarayin Alhaji. Maganar leƙe kuma ba ta taso ba idan ramin yana sama da kan mutum.

Alhaji, ka gaya wa iyayen cewa taga mai zugewa ko an buɗe ta iyaka rabinta ne ke buɗewa, tsohuwar mai jerin gilasai da ake ɗagawa kuwa kusan duka take bayarwa. Sai gargaɗi ɗaya ga duk mai shirin gyara: tsofaffin makarantu da yawa rufin asbestos gare su. Muddin yana zaune lafiya a bar shi, amma kada a sa kafinta ya yanka shi ko ya fasa shi yara na ciki, domin zarensa idan ya shiga huhu ba ya fita, cutarsa kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana.

Malamin Islamiyya, Alajo

Kada mu tsaya a boko kaɗai, domin yaran nan su ne dai ke zuwa mana Asabar da Lahadi da yammacin sauran ranaku. Ni na san namu laifin. Muna tara yara a saman masallaci a kan kafet ɗin da ya shekara bai ga rana ba, ƙurar da ke cikinsa kuma da an zauna take tashi. Idan wuri ya yi wari sai mu kunna turaren wuta, idan magariba ta yi sauro ya fito sai mu kunna maganin sauro na nadi a tsakiyar yara. Ƙanshi ba ya hana hayaƙi zama hayaƙi. Hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa muna karantar da shi, kuma yaro amana ne a hannun malami daga shigarsa zuwa fitarsa. Ni dai daga wannan mako za a fitar da kafet a kaɗe a shanya, turare kuma sai bayan yara sun watse.

Ma'aikaciyar Jinya, Mamobi

Malam, Allah ya ƙara basira. Tunda Baba ya ce ruwan farko zai kawo ƙarshen magana, bari in ce damina ma da nata. Daga Mayu zuwa Yuli azuzuwan da ke kusa da kwata ko waɗanda kwanonsu ke yoyo sukan jiƙe, bango ya yi baƙi, silin ya kumbura, littattafai su yi fumfuna. Wannan warin danshi da muke rainawa yana tayar da asma da tari kamar yadda ƙura ke yi, fenti a kai kuma ba magani ba ne, sai an toshe inda ruwan ke shiga. Haka janareta, kada a kusantar da shi taga ko a ajiye shi a baranda, domin kabon monokzaid ba ta da launi ba ta da wari, da ciwon kai da jiri take farawa.

Malamai su lura da yaron da ke tari da dare ko bayan gudu, wanda ƙirjinsa ke fito, ko wanda ke zaune gefe idan ana wasa. Iyaye da yawa suna ɓoye asma saboda kunya, wasu kuma suna tsoron inhela wai yaro zai saba da ita, wannan kuwa ba gaskiya ba ne. Ya kamata malami ya san wane yaro ke da ita, kuma ta zauna a jakarsa, ba a kulle a ofis ba. Idan yaro ya kasa gama jimla saboda haki, ko leɓensa ya sauya launi, asibiti za a nufa nan take. Tarin da ya kai mako biyu a kai shi gwaji, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Lokacin da aka koma makarantu a Janairun 2021 bayan korona, kowa ya koyi bokitin Veronica mai famfo da wanke hannu, maganar iska ce ba ta zauna ba. Malama, ki nemi malamin da ke kula da shirin lafiyar makarantu na SHEP a wurinku, wannan aikinsa ne, sannan ku kai batun gaban kwamitin gudanarwa da taron iyaye da malamai a rubuce.

Dattijon Sabon Zongo

'Yata ta Mamobi, maganarki ta farko ta kwana a raina. Mu bakwai mahaifiyarmu ta haifa, uku ne muka girma, kuma ƙanena da ke bi mini tari ne ya ɗauke shi a cikin sanyi, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba sai jiya. Na janye rabin maganata. Sai dai akwai maganar bola, wato wutar Juma'ar da Malama ta faɗa. Idan an ce kada a ƙona, na ji, to wa zai kwashe? Mai aboboya, babur mai ƙafa uku da ke kwashe shara, ba ya zuwa don Allah, kuɗi yake karɓa kowane zuwa, kuma idan shara ta kwana bakwai a bayan aji ƙuda da ɓera za su kawo wata cutar, ko a tura ta kwata ta toshe, ruwan Yuni ya dawo mana da ita har ɗaka. Duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a garin nan ya san abin da nake faɗa. A kawo amsar wannan kafin a hana wuta.

Baban 'Yan Biyu, Madina

Baba, tambayarku tana kan hanya. A makarantar 'ya'yana abin da muka yi shi ne raba sharar. Ledar fiya wata da robobi ana tara su a buhu, akwai masu saye a kilo, kuɗin da aka samu kuma shi ke rage na mai aboboya, ganye kuma ana zuba shi a rami a rufe da ƙasa. Bai biya duka ba, iyaye suna cikawa, kuma wasu har yau ba su ba da nasu ba.

Malamar Aji Uku, Nima

Ga abin da ya samu zuwa yau. Shugabar makarantarmu ta yarda a mayar da shara bayan tashi tare da yayyafi, mun fara tun Litinin, kuma na karɓi makullin ajina domin in buɗe tagogi kafin yara su iso. Na mayar da yarinyar da ta kwana asibiti nesa da allo da tagar titi, mahaifiyarta kuma ta kawo inhelar da take ɓoyewa. Ramukan baya an ce sai kwamiti ya zauna, domin ginin ba namu ba ne mu fasa. Wutar Juma'a an ɗage ta zuwa bayan an tashi, ba a daina ba, na kuma san maƙwabta ne za su sha. Mai abincinmu na yi mata magana da lalama, ta ce za ta matsa idan an nuna mata wuri. Injiniya, zan turo maka zanen harabar ka duba mana ta inda iska ke bi.

Hajiya Mai Wake da Shinkafa, Nima

Idan ya duba muku a turo mana mu ma mu gani. Sai dai a gaya masa tun yanzu, a tamu makarantar gefen da hayaƙi ba zai shiga aji ba shi ne gefen ban ɗaki, kuma ba uwar da za ta yarda a dafa wa ɗanta abinci a can. In akwai wani wuri na uku a nuna mini, in kuma rumfa ce da bututun hayaƙi za a yi, a faɗa mini wa zai biya kafinta.